Sabon Direban Tirela Da Aljihunsa Uku

Yau mun ɗan ajiye farashin buhu, za mu yi magana a kan wanda ya ke kai buhun Kurmi, watau direban babbar mota, musamman sabon shiga wanda jiya-jiya ya ke yaron mota, yau an miƙa mashi makulli.

Samarinmu na nan Ƙofar Durbi da Ƙofar Sauri da Ƙofar Marusa da yawa ba su da burin da ya wuce tuƙin tirela. Abin da ya ke jawo su, sukan ga direba ya sauko daga Ikko, ya sa hannu aljihu ya fito da damin kuɗi. Ba su san kuɗin na wane ne ba. Yaro ya yi shekaru yana wankin mota, yana kafa wa taya dutse a hawa, yana kwana ƙarƙashin bodi yana gadin kaya, har Allah ya nufa ya sami lasin, wani Alhaji ya yarda da shi. Ran tafiyar farko sai a damƙa mashi kuɗin da bai taɓa riƙe irinsu ba tun da aka haife shi. To, a nan ne da yawa su ke faɗuwa, tun ba su kai Funtuwa ba. Maganarmu ita ce, kuɗin da ke jikin direba aljihu uku ne, kuma ɗaya kaɗai ne nashi. Wanda ya gama su wuri guda zai yi shekara yana zirga-zirga, ya tashi da bashi.

Aljihu na farko kuɗin gas ne da gyara, na mai mota ne. Ku zo mu yi lissafi. Daga Katsina zuwa Ikko, in an bi ta Funtuwa da Birnin Gwari da Tegina da Mokwa, a ƙetare Kwara a Jebba, a wuce Ilori da Badun, ya haye kilomita 1,000. Wanda ya guje wa dajin Birnin Gwari ya zaga ta Kaduna ko ta Lokoja, nashi ya fi haka. Tirela mai tan 30 tana ɗaukar buhu 300 na kilo 100, kuma da wannan nauyi lita ɗaya ba ta kai ta fiye da kilomita 2 zuwa 3. Ke nan zuwa kaɗai yana cin lita 400 zuwa 500. A ƙarshen 2021 litar gas ba ta kai naira 300 ba, a ƙarshen 2022 ta haye 800, a 2024 kuwa ta wuce 1,000. Ko a kan 1,000 ɗin aka tsaya, kuɗin gas na zuwa ya kama hanyar naira 500,000, ba a zo ga dawowa ba. Ga kuma taya da batir da kayan gyara, waɗanda daga waje a ke kawo su, sun bi dala sun tashi tun da aka saki naira a 2023. Wanga kuɗi ne samari ke gani su yi zaton direba ya yi arziki, alhali kuwa wucewa kawai su ke yi ta hannunsa zuwa gidan mai.

Aljihu na biyu shi ne kuɗin hanya. Cikinsa ne a ke biyan 'yan lodi, da rasit na ƙungiya a tasha, da harajin amfanin gona da jihohi da ƙananan hukumomi ke karɓa, da na goron masu shinge, da mai faci, da abincin direba da na yaronsa. Wannan amana ce, a kashe a kawo lissafi. Aljihu na uku shi ne albashi da ladan sawu. Shi kaɗai ne ke zuwa gida, shi ne cefane, shi ne kuɗin makarantar ɗiya, shi ne magani.

Inda matsalar ta ke, akwai wata tsohuwar al'ada tsakanin wasu masu motoci. Sai a yanka wa direba albashin da ba ya riƙe gida ko rabin wata, sa'an nan a ce da shi, ai hanya za ta ciyar da kai. To, jama'a, mu tambayi kanmu, da me hanya ta ke ciyar da mutum? Da gas ɗin da a ke zuƙa daga tanki a sayar wa 'yan bumburutu. Da fasinjan da a ke ɗorawa bisa buhuna, abin da hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta hana, kuma mun sha jin tirela ta kife da mutane da kaya gaba ɗaya. Da ƙarin lodin wani da a ke cusawa bayan an bar gari, har nauyi ya fasa taya ko ya karya sifirin. Wani lokaci kuma da huda buhu. Ku duba da kyau, kowane ɗaya daga cikin waɗannan a kan mai hatsi ya ke ƙarewa. Kayansa ne ke kwana a daji, kayansa ne ruwa ke duka, kayansa ne ke isa Mile 12 ko Bodija bayan farashi ya sauka. Shi ya sa albashin direba ya shafe mu kamar yadda farashin buhu ya shafe mu.

Malamai sun karantar da mu cewa sharaɗin ijara shi ne lada ya zama sananne tun kafin a fara aiki. Cewa mutum ya je ya nema a hanya kuwa ba sanannen lada ba ne. Har wa yau, a mazhabarmu ta Malikiyya mai dakon abinci yana da lamuni: in hatsi ya ɓace a hannunsa babu shaida, kuma mai kaya ba ya tare da shi, shi zai biya. Mai mota kan juyo da wannan lamuni bisa direba, ya zare daga albashi. Gwamnati ta mai da albashi mafi ƙanƙanta naira 70,000 a 2024, kuma kun sani a wannan shekarar akwai lokacin da buhun masara ɗaya ya wuce haka. Watau buhu biyu in sun yi ƙafa, aikin wata da watanni ya tafi. Saboda haka, kai sabon direba, kada ka bar wa yaron mota ƙidaya. Ka tsaya da kanka a ƙirga buhu ɗaya-ɗaya, wanda ya yage ko ya jiƙe a rubuta shi a takardar kaya, dillali ya sa hannu, a wajen sauka kuma a sake ƙirgawa kana tsaye.

Sa'an nan akwai abin da sabon direba ba ya sa wa lissafi, watau kwanakin da mota ba ta motsi. Shi dai yana ƙirga ladan sawu ya ninka, yana ganin zai yi sawu huɗu a wata. Ina! Akwai jiran lodi, akwai jiran layin sauka, akwai zaman neman kayan dawowa, ko manja ko goro ko katako ko siminti, domin dawowa fanko asara ce. Akwai mutuwar mota inda babu bakanike. Cikin kwanakin nan duka yana ci yana sha, gida ma suna ci. Banda wannan akwai tsayawar da ba ta hannun kowa. A 2017 gadar Tatabu tsakanin Mokwa da Jebba ta karye, motoci suka koma zagaye. A watan Agusta na 2019 aka rufe iyakokin ƙasa, ta Jibiya ba a buɗe ba sai Afrilun 2022, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar a 2023 har zuwa 2024, masu jigilar Maraɗi suka yi ta zama. A Fabrairun 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha a Badun, ƙungiyar masu fataucin abinci da dabbobi ta dakatar da kai kaya Kudu na wasu kwanaki. A farkon 2023 canjin kuɗi ya sa direba yana da kuɗi a banki amma ba shi da na shayi a hannu. Duk wanda ladansa na sawu ne kawai, a irin waɗannan lokuta ko kwabo bai samu ba.

Don haka ra'ayinmu, biyan sabon direba ya zama kashi biyu a rubuce. Na farko albashi tsayayye kowane wata, mota ta yi tafiya ko ba ta yi ba, kuma kada ya gaza abin da gwamnati ta yanka. Na biyu ladan sawu, a faɗi adadinsa: na Ikko kaza, na Anacha kaza, na Dawanau kaza. Gas a ba da shi da lita, a san ta hanyar da za a bi. Kuɗin hanya a ware shi dabam, a faɗi abin da ya ƙunsa, a faɗi rabon yaron mota a ciki. A kuma rubuta wanda zai biya in taya ta fashe, da wanda zai biya in an kama mota saboda takardunta sun ƙare, domin takardun mota na mai mota ne, lasin ne na direba. Ƙungiyar masu motoci ta NARTO da ta direbobi ta NURTW suna da ofis da shugabanni, su ne suka fi dacewa su zama shaidu.

Mai mota zai ce, ku 'yan hatsi baki gare ku, ba ku san kuɗin taya ba. Gaskiyarsa, ribar jigila ta ragu ƙwarai. Amma fa albashin da ya ke ganin ya tsimi, yana biyansa ta bayan gida, ta gas ɗin da ke ɓacewa da injin da ƙarin nauyi ke kashewa. Wani kuma zai ce rubutu tsakanin ubangida da yaronsa alamar rashin yarda ce. To, mu a kasuwa ko ɗan'uwanmu ciki ɗaya ya zo awo, da tiya mu ke auna mashi, kuma zumunci bai ɓaci ba.

Kai kuma ɗanmu direba, ga abin da za ka yi da aljihunka na uku. Kafin ka tada mota, ka bar wa gida cefanen da zai wuce kwanakin da ka ke zato, don kada a kira ka kana Jebba ka sa hannu a kuɗin gas. Da kaka, lokacin da lodi ya yi yawa kuma hatsi ya yi sauƙi, ka sayi abincin shekara da buhu ka ajiye, maimakon awon tiya-tiya da damina, sa'ad da lodi ya ja baya kuma farashi ya kan hau. Daga kowane ladan sawu ka cire wani kashi da ba a taɓawa, ko a banki ko a adashin mutanen kirki, har ya kai abin da zai riƙe gidanka wata uku in mota ta tsaya. Ka tuna lasin yana ƙarewa bayan shekara 3 ko 5, ido da baya kuma suna son asibiti. Ka riƙe ɗan littafi, da ajami ko da boko, duk naira da ta fita ka rubuta ta a wurin, kada ka bari sai ka dawo, domin ƙwaƙwalwar wanda bai yi barci ba ba ta riƙe lissafi. Ka yi hattara da wuraren yada zango irin su Mararrabar Jos da Tafa da Ogere. Shayi da nama ba su talauta mutum, amma caca da ƙwayar hana barci da abokan dare suna cinye sawu guda a zama ɗaya. Tsaraba ma a yi ta daidai ƙarfi, ba kowa da kowa ba ne zai sami burodi da ayaba duk dawowa. In kuma wani ya zo maka da zancen ya ba ka mota ka riƙa biya kaɗan-kaɗan har ta zama taka, kada ka karɓa sai kana da ajiyar da za ta sayi taya ta gyara inji, domin da ruwan ciki a kan ja na rijiya.

Sauran magana tamu ce, 'yan kasuwa da dillalai. Araha ba ta ado. Wanda ya matse kuɗin mota har ya gaza kuɗin gas, ya sani daga buhunansa za a cike gurbin. Kafin a ba da lodi a tambayi wane ne direban, kuma yaya a ke biyansa. Dillali ya faɗi la'adarsa a fili, kada direba ya tarar an zabge kuɗin hanya bai san inda suka shiga ba. In an yi alkawarin lodi ran Talata aka kai Alhamis, mai kaya ya ba da na abincin kwana biyun. In an sauke kaya, a biya cikon kuɗin mota nan take, kada a bar mutum yana kwana a kasuwar da ba shi da kowa yana cin abin da zai kai gida. Direban da hankalinsa ya kwanta game da gidansa shi ne ke kai buhu 300 ya sauke 300.

Allah ya tsare matafiya, ya kai su lafiya ya dawo da su lafiya, ya sa albarka a kasuwa. Haza wassalam.

Daga ɗan kasuwar hatsi, Ƙofar Durbi, Katsina.