Jami'in kariya daga radiyeshin: muƙamin da ba ya ɗaukar alfarma

Radiyeshin ba shi da wari, ba shi da launi, illarsa kuma takan ɗauki shekaru kafin ta bayyana. Ma'aikaciyar ɗakin hoton ƙashi a asibiti da mai auna rijiyar mai a Neja-Delta duk sun dogara ne da mutum guda: jami'in da ke karanta ɗan ma'aunin da ke maƙale a ƙirjinsu, ya tabbatar ba su haura milisibat 20 a shekara ba, iyakar da aka gindaya wa ma'aikata.

Tun 1995 Najeriya ke da dokar wannan fanni. Hukumar NNRA ta fara aiki a 2001, tana kuma da cibiyar horarwa a Jami'ar Ibadan. Hanyar samun takardar ƙwarewa, ke nan, a buɗe take. Inda gizo ke saƙar shi ne teburin da ake tsara sunayen masu tafiya kwas. Muddin ana kallon horon a matsayin kafar alawus, to na kusa da oga ne zai tafi, wanda ke tsaye gaban na'ura kullum ya yi ta jira.

Takardar ma kanta ba ta wadatar ba. Jami'in da ya gano bangon ɗakin hoto na yoyo yana buƙatar ikon rufe ɗakin nan take, ko da darakta ya murtuke fuska. Ya kamata a rubuta wannan iko ƙarara a takardar naɗinsa, hukumar kuma ta nemi ganin ta kafin ta sabunta lasisin kowace ma'aikata.