Jadawalin ƙwallo: a tambayi kasuwa tukuna

Jama'a, idan hutun makaranta ya zo, matasan Karofan, Buza, Madawa da Keita sukan shirya gasar ƙwallon ƙafa. Yanzu kuma kwamfuta ke tsara wa zai kara da wa. Aikin ba wuya gare ta: ƙungiya 8, kowa ya je gidan kowa, wasa 56 ke nan, ta jera su kafin shayi ya tafasa.

Amma na'ura ba ta san ranar kasuwa ba. Ba ta san sallar Juma'a ba, balle koramar da ke tare hanya a watan Agusta. Abin da aka zuba mata shi take fitarwa.

Ko a Ingila, inda ƙungiya 20 ke buga wasa 380, sai an saurari 'yan sanda, kuma ana kauce wa Liverpool da Everton su karɓi baƙi rana ɗaya, domin gari guda suke.

To mu fa? Wasa ranar kasuwa yakan ɗauke yaron shago da mai tura baro, albasa ta kwana a ƙasa. Wasa washegari kuwa riba ne ga mai ƙosai da mai fura.

Saboda haka muna kira ga masu shirya gasa da magadan gari: ku zauna da sarkin kasuwa da shugabannin mata kafin a taɓa na'ura. A sanar da jadawalin a rediyo da wuri, kuma kada a sauya shi dare ɗaya. Iyayenmu mata, ku ma ku nemi kujerarku.