Ku daina bari `request` ya yi muku aikin ɗan aike

1/ 'Yan uwa masu rubuta furojet da Flask, na Poli Ƙaura da na Jami'ar Tarayya Gusau, ga ra'ayina: duk inda kuɗi ko sunan mutum zai bi a manhajarku, ku miƙa shi hannu da hannu. Kar ku dogara da `request`, `g` ko `current_user` su biyo ku ko'ina. Bari in yi bayani.

2/ Ka taɓa lura ba ka taɓa ba fankshin ɗinka `request` ba, amma yana ganinsa? Kai dai ka shigo da shi a saman fayil, shi ke nan. To wannan suna ɗaya ne, amma abin da ke cikinsa ya danganta da wanda ya kira ka a wannan lokacin. Shi ne dainamik sikop. Ni ina ce masa hurumin mai kira.

3/ Ka ɗauka an ɗora buhun gero daga Zurmi zuwa Ƙaura. In an rubuta sunan mai shi a jikin buhun, ko direba goma ya canza, zai isa. In kuwa cewa aka yi "ka kai wa maigidana", sai direban da ya ji maganar kaɗai ya san waye maigidan. Mota ta lalace a hanya, aka juye kaya a wata? Buhu na nan, maigida ya ɓata.

4/ Abin ba sabo ba ne. Tsofaffin Lisp haka suke aiki, har Scheme ta fito a 1975 da tsarin da ake duba inda aka rubuta suna a kod. Emacs sai a 2012 ta ba da zaɓin hakan. `local` na Bash har yau hurumin mai kira ne. Python da kanta ba haka take ba, amma Flask ta kwaikwayi salon don ta rage mana wahala.

5/ Misali na gida. Ka yi wa wani ɗan kasuwa a Shinkafi manhajar rubuta bashi. Ranar Alhamis kasuwa na ci, yaransa uku na shigar da ciniki a lokaci guda. Tura saƙon rasit na jan lokaci, sai ka jefa shi a wani tiredi daban don shafi ya buɗe da sauri. A can ciki ka kira `request.form`.

6/ Flask za ta watsa maka `Working outside of request context`. Wallahi ka gode wa Allah. An juye kaya a wata mota, ta ce ba ta san maigidan ba, ta tsaya. Wannan shi ne kuskure mai mutunci.

7/ Wanda ke ba ni tsoro shi ne mai shiru. Ka ajiye kwastoma na yanzu a `threading.local` da kanka. Saba ba ta ƙirƙirar sabon tiredi kullum, wasu na sake amfani da tsoffi. In ba ka goge ba, buƙata ta gaba ta tarar da sunan wancan a zaune. Babu jan rubutu, babu komai. Bashin Alhaji ya hau kan wani Alhajin.

8/ In kod ɗinka na async ne abin ya fi muni. Buƙatu da yawa na raba tiredi ɗaya. Ta farko ta tsaya a `await` tana jiran amsa, ta biyu ta shigo ta sauya sunan, ta farko ta farka ta ci gaba da sunan da ba nata ba. Duk yadda jiran ya yi tsawo, haka ƙofar ke daɗewa a buɗe, kuma kun san yadda sabis yake a wajenmu. Don irin wannan Python 3.7 ta kawo `contextvars` a 2018, Node kuma `AsyncLocalStorage` a 2020.

9/ A laftof ɗinka ba za ka taɓa gani ba fa. Kai kaɗai ne kwastoma, kai ne maigida, kai ne yaron shago.

10/ To ya ake kamo shi? Kar ka tsaya kallon layin da ya karanta sunan, layin nan lafiyarsa lau. Nemo inda aka zuba shi da inda ya kamata a goge. Ba kowace buƙata lamba tun a ƙofa, ka riƙa buga lambar, sunan tiredi da lambar kwastoma a log, a ƙofa da kuma wajen rubuta kuɗi. Inda biyun suka saɓa, nan ɓarnar take.

11/ Sannan ka jawo matsalar da gangan. Sa jinkirin daƙiƙa biyar a tsakiyar aikin, buɗe burauza biyu da asusu biyu, danna tare. Ko ka ari wayar abokin ɗakinka. Minti goma ne, amma kaɗan ke yi kafin difens.

12/ Na san me za a ce: miƙa komai hannu da hannu gajiya ne, fankshin sai ya cika da kaya. Gaskiya ne, kuma ban ce a yar da salon ba. Lambar log, harshen shafi, Hausa ko Turanci, bar su a hurumin mai kira. In sun kuskure, shafi ne zai fito da Turanci. Amma wanda ake bi bashi da adadin kuɗin, a'a.

13/ Akwai `copy_current_request_context` a Flask, kuma yana aiki. Ni dai ban cika son shi ba, don ɗaukar direban gaba ɗaya ne a cusa a sabuwar mota. Ciro lambar kwastoma, lambar waya da kuɗin tun kana cikin buƙatar, ka ba tiredin su ukun a matsayin agumen. Layi biyu ne.

14/ Masu JavaScript kar ku yi dariya. `this` ɗinku ma mai kira yake kallo. Ka miƙa metod ga `setTimeout` kai tsaye ka ga ko zai tuna mai shi.