Hayar gida a Maradi: zumunci da takarda su tafi tare



Makon jiya wani ɗan kasuwa daga Katsina ya kira mu cikin shiri. Minti biyu muka ba shi, maganar kuwa ta fi minti biyu, shi ya sa na kawo ta nan. Ya daɗe yana hayar ɗaki a unguwar Zariya, amma ba zaman dindindin yake yi ba: ya zo ya yi kwana goma, ya sayi wake da riɗi, ya koma. Da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ya maƙale can wajen wata takwas. Da aka buɗe hanyar Dan Issa cikin watan Maris na 2024 ya iso, sai ya tarar da wani cikin ɗakin, kayansa an jibge su a zaure. Shi ya ce kuɗin shekara ya biya, mai gida ya ce na wata shida ne. Har yau suna ja.

Na ce masa: "Alhaji, ina takarda?" Ya ce: "Wace takarda kuma? Ai mu 'yan uwa ne, matar ƙanena ma 'yar Tibiri ce."

Gaskiya ya faɗa. Katsinawa suka kafa sarautar Maradi, Gobirawa suka kafa ta Tibiri, tun kafin Turawa su shata iyaka. Ɗan Jibiya in ya sauka babbar kasuwa ba wanda zai ce masa baƙo. To amma ranar da rigima ta kai gaban mai unguwa ko kwamisariya, abin da aka rubuta shi za a duba.

Kuma lokaci ya canza. Tun 1979 yarjejeniyar CEDEAO ta ba ɗan kowace ƙasa cikin ƙungiyar damar shiga wata ya yi har kwana 90 ba biza. A kan wannan muka girma, har muka manta doka ce. Ranar 29 ga Janairun 2025 Nijar, Mali da Burkina suka fita daga CEDEAO. Ƙasashen AES sun ce 'yan CEDEAO za su ci gaba da shigowa ba biza, amma bisa dokokin kowace ƙasa. Cikin wannan watan na Janairu kuma aka fito da sabuwar doka kan shiga da zaman baƙi a Nijar: baƙo ya kasance da takardun tafiya ko na zama, wanda ya ba shi masauki kuma ya sanar da 'yan sanda. Masu gidajen haya nawa suka san da haka a Ali Dan Sofo ko Bagalam?

Abin ya shafi mutane da yawa. Akwai ɗaliban Najeriya da ke karatu a jami'ar Maryam Abacha, su yi zango su koma gida hutu. Akwai masu zuwa sarin kayan lambu Jiratawa lokacin rani. Akwai iyalan da 'yan bindiga suka koro daga Zamfara, Sakkwato da Katsina, waɗansu sun kama ɗaki cikin gari suna jiran ƙura ta lafa.

Ni dai ina ganin hukuma tana da hujja. Wanda ya san halin da ake ciki wajen Madarunfa da Gidan Rumji ba zai ce kar a san wa ke kwana cikin unguwa ba. Abin da nake tsoro shi ne dokar da talaka bai gane ba, don ita ke zama abincin masu karɓar na goro. Kuma wani mai gida zai fake da ita ya ƙara wa baƙo jika biyar, ko ya fitar da shi tsakiyar wata.

Don haka roƙona uku ne. Mai gida, ka rubuta kwantara ko da shafi guda ne: kuɗin wata, abin da aka biya gaba, wa ke biyan kuran da ruwa, da abin da za a yi in mai haya ya yi wata uku bai zo ba. Shaidu biyu su sa hannu, mai unguwa ya sani. Mai haya, ka nemi resi duk lokacin da ka biya, ka ɗauki hotonsa cikin salula, kuma katinka na ɗan ƙasa ko fasfo kar ya rabu da aljihunka. Hukumomi kuma, don Allah ku zo gidajen rediyo ku yi bayani da Hausa: mai zuwa kwana goma a wata wace takarda yake buƙata, ina ake yin ta, nawa ne kuɗinta. Makirufo a buɗe yake.

'Yan uwanmu Maradawa da ke haya a Fagge ko kusa da Dawanau a Kano, ku ma maganar taku ce, don can ku ne baƙin.

Ku faɗa mana abin da ya taɓa samunku da mai gida ko da ɗan haya, za mu karanta wasu cikin shiri mai zuwa. Allah ya ba mu zaman lafiya, amin.