Aiko wa Inna waya bai isa ba, sai an zauna an koya mata

Duk wanda ya taɓa tsayawa layi a wurin karɓar kuɗi a Maraɗi, Damagaram ko Tawa ana gab da salla ya san wannan hoto. Dattijuwa ta kwance bakin zane ta fiddo waya sabuwa fil, wadda ɗanta ya aiko daga Abijan ko Libiya, ta miƙa wa wani yaro da ba ta taɓa gani ba, ta ce: "Ɗana, duba mini ko sun shigo." Yaron ya duba, ya tambayi lambar sirri, ta faɗa da ƙarfi kowa yana ji. Sau da yawa yaron na kirki ne. Amma kuɗin da wani ya yi wata uku yana ɗaukar siminti kafin ya tara bai kamata ya rataya a kan sa'ar haɗuwa da na kirki ba.

Matasa da ƴan ci-rani sun yi ƙoƙari wajen sayen wayoyi da sa wa iyaye kiredi. Inda suka gaza shi ne koyarwa. Da tsoho ya ce abu ya cije, sai ɗa ya karɓe wayar, ya danna nan ya danna can, ya mayar cikin daƙiƙa goma. Aiki ya yi, amma Baba bai ga komai ba, kuma gobe ɗan ya koma Yamai ko ya tsallaka iyaka. Taimakon da ake yi da gaggawa shi ke barin dattawa a hannun kowa.

Ana yawan cewa tsofaffi ba su da kan waya. Wannan magana ba ta da tushe. Mutumin da ya riƙe bashin abokan ciniki talatin a kansa ba tare da takarda ba, ko matar da ta yi shekaru tana riƙe da asusun adashi ba a taɓa samun saɓani ba, ba danna maɓalli huɗu ne zai gagare su ba. Abin da ke tare su daban ne. Saƙonnin kamfanonin waya da na Airtel Money ko MyNita da Faransanci suke zuwa, alhali da yawa daga cikin dattawa allo suka yi ba lakwal ba. Rubutun ƙanana ne ga idon da ya fara gajiya. Sannan ga lissafi: waya tana nuna 500, Inna kuwa dala ɗari ta sani, waya ta ce 100, ita ta san dala ashirin. Wanda ya tashi da lissafin dala, sai an zauna an nuna masa cewa 5000 a fuskar waya jikka biyar ce, kuma ƙarin sifiri ɗaya ya mai da ita jikka hamsin. Matashin da bai taɓa lura da wannan ba, shi ne bai fahimci matsalar ba.

Akwai kuma kunya. Uba ba ya son ɗan da ya haifa ya yi masa tsaki, don haka ya gwammace ya tambayi mai cajin waya a bakin kasuwa. Shi ya sa jika kan fi ɗa iya wannan aiki. Tsakanin kaka da jika akwai wasa, kuskure ya zama abin dariya maimakon abin jin nauyi.

Koyarwar kanta ba ta buƙatar aji. Doka ta farko ita ce waya ta zauna a hannun mai ita, mai koyarwa ya naɗe nasa hannun. Abu ɗaya a rana: yau sauraron saƙon murya a WhatsApp da mayar da amsa, gobe a maimaita shi, jibi a shiga duba ragowar kuɗi. A ƙara girman rubutu, a sa hoton kowane ɗa a kan lambarsa, a kwashe tarkacen da ba a amfani da su daga fuskar wayar. Wanda ya iya ajami a rubuta masa matakan da ajami a bayan kalanda. Wanda ke nesa ma yana da rawar takawa: maimakon kiran ƙane a ce "karɓo wa Inna", a kira Inna ita kanta a bi da ita mataki-mataki, ko da kiran zai ci minti ashirin.

Wasu za su ce koya wa tsoho waya buɗe masa ƙofar ƴan damfara ne. Ƙofar ai a buɗe take tun ranar da aka sa layi a wayar. Masu kira su ce an turo kuɗi bisa kuskure a mayar, ko an ci kyauta sai an biya kuɗin karɓa, ko su aiko da saƙo da sunan ɗa yana cikin matsala a hanyar Agadas, ba sa jiran sai mutum ya ƙware. Abin da ke kare dattijo kaɗan ne, kuma yana da sauƙin riƙewa. Lambar sirri ba a faɗa wa kowa, ko da ya ce daga kamfani yake. Lambobi shida da WhatsApp ke aikowa ta saƙo, duk wanda ya nemi a karanta masa su asusun yake son ƙwacewa. Kuma kafin a tura ko dala ɗaya saboda labarin tashin hankali, a kira ɗan a tsohuwar lambarsa a ji muryarsa.

Haɗarin bai tsaya ga kuɗi ba. Dattawa da yawa suna cikin zaurukan WhatsApp na dangi da na masallaci, kuma sukan tura duk abin da ya shigo da niyyar alheri. Nijar tana da dokar yaƙi da laifukan intanet tun 2019, an kuma tsaurara ta a watan Yunin 2024 har aka maido da hukuncin ɗauri kan ɓata suna da yaɗa abin da ka iya ta da zaune tsaye. Ɗan da ya nuna wa mahaifinsa maɓallin turawa, wajibinsa ne ya gaya masa wannan ma.

Kamfanonin waya da na aika kuɗi su ma suna da bashi a wuyansu. Suna tallata hajarsu da Hausa da Zabarmanci a rediyo, amma idan an zo saƙon da ke nuna nawa aka cire, sai Faransanci. Saƙon murya da harshen mai layi ba abu ne da ya fi ƙarfinsu ba. Kafin su yi, waɗanda za su zo gida hutun bana suna da mako biyu ko uku a hannu, kuma rabin awa bayan sallar la'asar ya isa a fara da saƙon murya.