Almajiri Ba Ya Zaɓa wa Malaminsa Hanya

Mu da muka yi karatun allo mun san abin da a ke nufi da almajiri. Yaro ne wanda ya bar gidan ubansa ya bi malami, inda malam ya ce a sauka nan a ke sauka. To, da aka juya Linjila cikin Hausa, wannan kalma aka ba mabiyan Isa Almasihu, a ganina kuwa an dace. A cikin littafin Markus akwai labarin biyu daga cikinsu, Yakubu da Yohanna, da suka roƙi kujerun girma a dama da hagun malaminsu. Bai yi musu alkawarin kujera ba, wahala da hidima ya ambata musu.

Ba sai mun je ƙasar Falasɗinu neman misali ba, ga shi nan Zariya, ba nisa da unguwarmu ta Kwarbai. A 1900 waɗansu Turawan Mishan biyar suka nufo ƙasar Hausa, shugabansu Bishop Tugwell, cikinsu har da wani saurayi, Likita Mila, wanda ya koyi Hausa a Tarabulus. Kano suka sa a gaba, suna tsammanin birnin zai buɗe musu. Sarkin Kano Alu ya sallame su cikin 'yan kwanaki. Suka komo Girku, can ɗayansu ya rasu.

A 1905 Mila ya sami zama cikin birnin Zariya, ya buɗe ɗakin magani da makaranta. Mutanen gari suka karɓi magani suka yi godiya, amma addininsu suka riƙe, waɗanda suka bi shi ƙalilan ne. A 1913 sai ga waɗansu daga cikin Isawa, watau zuriyar mabiyan Malam Ibrahim da aka kashe a Kano, sun zo wurinsa. Aka kafa musu gari a Gimi, ya ga kamar buri ya cika. Ashe da sauran rina a kaba. Ciwon barci ya faɗa wa garin, ya kashe mutane da yawa, har ya watse. A 1929 kuma aka fitar da Mishan daga birni zuwa Wusasa, ba da son ransa ba.

Waɗansu su kan ce ya yi hasarar ƙuruciyarsa. Waɗansu kuwa su kan lissafa abin da ya fito daga baya, su ce ai ga Littafi Mai Tsarki na Hausa da aka buga a 1932, ga asibitin Wusasa, ga Likita Dikko, ɗan Arewa na farko da ya zama likita, ga Ishaya Audu da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966. Ni dai ina ganin duka biyun ƙidaya su ke yi, ƙidaya kuwa aikin ɗan kasuwa ne. Kano Mila ya roƙa, aka ba shi 'yan yara da akwatin magani da aikin fassara. Abin aunawa shi ne bai jefar da su ba don ba su ya roƙa ba. Ban ce mai sanyin hali ne ba. Ya yi ta jayayya da Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, da Razdan, har da 'yan'uwansa na Mishan, wani zafin ma na son ganin nufin kansa ne. Amma in an rufe masa ƙofa ba ya naɗe tabarma. A ƙasar nan ya tsufa, a nan ya rasu a 1952.

'Yan'uwana ɗalibai, Kirista da Musulmi, ba da daɗewa ba za a rarraba mu makarantu. Kowa na addu'ar a bar shi birni, kusa da gida. Da yawa kuwa ƙauyen da ba su taɓa jin sunansa ba za a tura su, aji ɗaya, yara kaɗan, iyaye na ɓoye sauran a gona.