Wasa Magani Ne, Kada A Haɗa Shi Da Kwalba

Mu dai ba mu cikin masu cewa wasan kwamfuta aikin banza ne. Duk wanda ya ga shekarar 2020 ya san amfaninsa. Ran 20 ga Maris na wannan shekara, sa'ad da annobar korona ta tsare jama'a a gidajensu, kamfanin Nintendo na Japan ya fito da wasan Animal Crossing: New Horizons. Babu yaƙi a cikinsa. Mutum yakan kama kifi, ya dasa itatuwa, ya ziyarci tsibirin abokinsa. Kafin shekarar ta ƙare an sayar da fiye da miliyan 31. A nan gida ma, da aka rufe Legas da Abuja ran 30 ga Maris, ludo ya ɗebe wa iyalai da yawa kewa.

To, amma 'yan jari-hujja ba su barci. Tun a 2015 kamfanin giya na Carlsberg ya haɗa kai da Bethesda, suka sayar da giya mai sunan wasan Fallout a Ingila. Wannan kura ce da fatar akuya. Saurayin da rashin aiki ya dama yakan fake da wasa don zuciyarsa ta huta, sai ga kwalba an miƙo masa da sunan abin da yake so. Wasa yakan ƙare mutum ya tashi da hankalinsa, giya kuwa takan tafi da kuɗi da lafiya.

Saboda haka muna kira ga hukuma ta sa ido a kan tallar giya cikin wasannin matasa, iyaye kuma su lura da 'ya'yansu. Rigakafi ya fi magani.